Baƙin Hayaƙi a Motar Alhaji Abdurra'uf

Tun da Hajiya Radiyya ta rasu, gidan Alhaji Abdurra'uf da ke Gumel ya yi masa girma. 'Ya'yan duk sun watse, wasu a Kano, wasu a Dutse, autar ma aure ya kai ta Kaduna. Shi kuwa ya daɗe da yin ritaya daga aikin ƙaramar hukuma. In ya dawo daga masallaci sai ya zauna a zaure yana jin rediyo, har rediyon ma ta gundure shi.

Abin da ya rage masa na ɗebe kewa ita ce tsohuwar motarsa Fijo 504, fara, wadda ya saya tun yana ƙaramin ma'aikaci a Sule Tankarkar. Kullum da hantsi yakan goge ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zaga gari da ita ya dawo.

Sai ga shi da shigowar kaka motar ta fara yi masa gardama. Za ta tashi lafiya, can sai ta soma tari tana karkarwa, salansa na aman baƙin hayaƙi, kafin ya kai bakin titi ta mutu, warin fetur ya cika ciki. Wani bakanike ya canza fulogi, bai hana ba. Na biyun ya faɗa masa gaskiya, ya ce su yanzu motocin da ake jona wa na'ura suka saba da su, irin tasa mai kafireto kuwa, wato abin da ke haɗa mai da iska, sai dai a nemo Malam Gudaji na Maigatari.

Malam Gudaji ya zo a kan babur, da jakar kayan aiki ɗaure a baya. Dattijo ne siriri, sa'an Alhaji. A Damagaram ya koyi sana'a, shi ya sa yake ce wa kafireto karbirato. Da suka gaisa bai taɓa komai ba, ya ce a tayar da motar, ya tsaya yana sauraro har ta mutu. Sannan ya kwance fulogi guda, ya shafa bakinsa, ya nuna wa Alhaji yatsarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Alhaji, ɗayan biyu ne," in ji shi. "Ko mai ya yi mata yawa, ko wuta ta yi mata kaɗan. Bari mu fara da wutar."

Ya zare wayar fulogi ya kusanta ta da jikin inji, Alhaji ya murɗa makulli, wuta ta yi tsalle shuɗiya shar. Wuta lafiya lau. Ya buɗe matacin iska, sai ga gidan zanzaro ya toshe rabinsa. Suka yi dariya tare, Alhaji har ya ji muryarsa ta yi masa baƙo a kunne. Aka kakkaɓe, motar ta ɗan sarara, amma kafin Gudaji ya gama wanke hannu hayaƙin ya dawo.

Haka aikin ya ja. Gudaji yana da nasa garejin, saboda haka sai ya samu sarari yake zuwa. Ya sauke kafireton, ya warwatsa shi a kan wani tsohon farantin Hajiya, ya wanke ƙananan ramukan da mai ke bi, yana hura su da baki. Ya ga allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ya ce sai ya sa an nemo a tsallaken iyaka.

Alhaji kuwa ya shiga wata sabuwar al'ada. Duk ranar da ake sa ran zuwan Gudaji, da kansa yake zuwa sayen ƙosai, ya dafa shayi, ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Yana riƙe masa sifana suna hira, daga farashin riɗi zuwa yadda hanyar Gumel take kafin a zuba kwalta. Gudaji yakan yi ƙorafin jikoki, wai sun cika masa gida da ihu, ko barcin rana ba ya samu. Alhaji sai ya yi murmushi ya ƙara masa shayi.

Allura ta iso, aka saka, hayaƙi bai daina ba. Gudaji ya sake sauke kafireton, ya warwatsa shi a farantin. Can ya ɗauki ɗan tulun tagullan nan da ke iyo a kan mai a cikin kafireto, wanda in mai ya cika yake tasowa ya tura allura ta rufe. Ya girgiza shi a kusa da kunnensa, sannan ya miƙa wa Alhaji.

"Saurara ka ji."

Alhaji ya girgiza. Wani abu na motsi a ciki, ƙulun-ƙulun.

"Ya huje," in ji Gudaji. "Ya sha mai ya yi nauyi, ya nutse. Mai sai kwarara yake ba mai tsayar da shi. Ba ni ruwan zafi."

Ya tsoma shi a kofi, sai ga kumfa tana fitowa daga wata 'yar kafa kamar bakin allura. Ya tsiyaye man, ya shanya shi a rana, ya toshe kafar da dalma. Da aka mayar da komai aka murɗa makulli, injin ya tashi yana numfashi sumul. Suka gwada ta a hanyar Gagarawa, tsakanin gonakin zoɓo da aka fara tsinka, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Da suka dawo Gudaji ya fara tattara kaya. Alhaji ya tsaya a kansa.

"Malam Gudaji, ba ka ji giyar nan tana ɗan ƙara ba?"

"Lafiyarta ƙalau, Alhaji."

"Birkin fa?"

"Na duba. Ba abin da ya saura. Allah Ya sanya alheri."

Ya ɗaure jakarsa, suka yi musafaha, ƙarar babur ta ɓace a kwanar layi. Alhaji ya naɗe tabarma, ya juye sauran shayin a gindin itace.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya sa babbar riga ya tafi, wai zai kai gaisuwa. Ya tarar da Gudaji kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar roka, babbar motar ɗaukar kaya, direba da masu kaya sun tsaya masa a ka. Gudaji ya leƙo da fara'a.

"A'a, Alhaji! Ba dai ta sake ba?"

"Ko kusa. Wucewa nake na ce bari in gaishe ka."

"Madalla. Zauna, ina zuwa."

Ya zauna a benci. Mutane na ta shiga da fita, kowa da abin da ya kawo shi. Har aka kira la'asar Gudaji bai samu fitowa ba. Alhaji ya yi salla, ya yi sallama da ƙafafun da ke leƙowa daga ƙarƙashin roka, ya kama hanya.

A bayan gari ya ga wani tsoho da buhu a gefen titi yana tsayar da mota. Ya tsaya ya ɗauke shi, yana murna ya samu abokin hira. Tsohon ya ce sunansa Barau, Gumel za shi. Alhaji ya soma ba shi labarin tulun tagulla da yadda aka gano hujinsa. Da ya waiwaya, mutumin ya jingina kai da ƙofa, barci ya kwashe shi, gajiyar kasuwa.

Alhaji ya bar labarin a nan. Ya rage gudu, yana kauce wa ramuka don kada ya tashe shi, har suka shiga Gumel.