Yatsa na Shida

"Guli, ya habboba! Faɗi mana!" Aishatu ke nan, tana jijjiga kafaɗar kakarta, tana kuka rabi Larabci rabi Hausa.

Ummuhani ta tsallako dangar da ta raba gidajensu, ƙafafunta duk baƙin taɓon daminar Gadarif. Ta tarar da Iya Cindo kwance kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, idanu a buɗe. Kwana uku ke nan da harshenta ya ɗaure, jikin kuma yana ta sanyi. Tsoron gidan ɗaya ne: kada tsohuwa ta cika ba ta yi kalmar shahada ba.

"Ke Aishatu, sake ta! Bishiyar magarya ce da za ki girgiza? Ba a tilasta wa mai jinya. A gefensa ake faɗi, ya ji."

Ummuhani ta faɗi haka ne kawai, amma ita ma a tsorace take. A bakin wannan matar ta fara jin addini. Tun suna 'yan mata, in an zauna tsintar riɗi, Iya Cindo kan ba su labarin yadda Mala'ika Jibrilu ya zo wa Annabi a kogo, ya sauko gida jiki na ɓari, Nana Hadiza ta lulluɓe shi. Sai ta ɗaga hannun dama ta lissafa shika-shikan Musulunci biyar, ta ɗaga na hagu mai yatsu shida ta lissafa na imani.

"A hanyar Makka aka haife ni, babu wanzamin da zai cire shi," in ji ta. "To, ashe aiki gare shi. Ku masu biyar-biyar sai ku yi aro a ɗaya hannun!"

Wayyo, waɗannan kwanaki! Ummuhani ta ji kewarsu har cikin ƙashinta. Ta gyara wa tsohuwa mayafi, ta kama hannun hagun, ta fara da babban yatsa kamar yadda aka koya mata.

"Iya, ni ce, almajirarki mai mantuwa. Ki gyara min in na yi kuskure. Wannan Allah, Shi kaɗai. Wannan mala'iku. Littattafai. Manzanni. Ranar Lahira."

Ta iso kan ɗan ƙaramin da ke maƙale a gefe, ta riƙe shi. Nan ne Iya kan yi dariya ta ce, "Ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Ita ta sauke iyayena a Gadarif, noman damina ɗaya za su yi su wuce, ga mu har yau."

Sai Ummuhani ta ji hannun ya matse nata, kaɗan.

"Tana ji, Aishatu! Wallahi tana ji!"

Ummuhani ta sunkuya daidai kunnenta, a hankali, ba gaggawa: "La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah."

Leɓe bai motsa ba. Aishatu ta toshe baki da gyale. Can sai hannun dama, wanda ke yashe kan igiyar gado tun shekaranjiya, ya naɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, manuniya ta miƙe ita kaɗai.

Iya Cindo ba ta kai la'asar ba. Da aka fara yayyafi, Ummuhani na nan zaune a bakin gadon, ɗan yatsa na shida yana cikin tafinta.