Baba Yari a Kujerar Gaba

"Mama, Baba nawa gare mu?"

Gladys ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin ƙofar falo da guntun rake a hannu, daidai lokacin da matan zumunta suka cika ɗakin suna shan kunu bayan an taso daga coci. Saloma ta ji kamar an sheƙa mata ruwan randa. Matar Fasto ta ajiye kofinta a hankali, ta gyara zama.

"Wace irin magana ce wannan? Babanku ɗaya ne, Malam Dawuda."

"A'a, biyu ne. Akwai na gida, akwai na mota. Na gida yana saya mini alewa. Na mota jiya ya ce wa mai kabu-kabu jakin banza, ya ce har uwarsa ma..."

Saloma ta toshe mata baki da tafin hannu. Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar waɗanda kowace ta baro nata a gida. Ita kam ba ta yi ba. Idonta na kan ƙulun da ke goshin yarinyar, wanda ta samu jiya sa'ad da ubanta ya taka birki da ƙarfi don ya ji daɗin zagin mai babur ɗin fuska da fuska.

Duk Zuru babu wanda zai ce Dawuda mafaɗaci ne. Malamin firamare ne, shi ke jagorantar mawaƙa a coci. Kaza kan sa baki a kwanon tuwonsa, sai dai ya ja kwanon gefe ya ba ta wuri. Daga gidansu a Rikoto zuwa kasuwa ba nisa, amma in ya tafi da ƙafa sai rana ta take, don sai ya tambayi kowa lafiyar iyali, da dawa, da akuyar da ta yi ɗingishi bara. Kafin a ba shi Saloma sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dubi surukinsa ba.

Sai wansa Dominic, soja, ya dawo daga Saliyo aka mayar da shi bariki a kudu, ya bar masa tsohuwar Fijo shuɗiya. Tun daga ranar, da zarar Dawuda ya rufe ƙofa ya kama sitiyari, sai wuyansa ya yi tsawo, jijiyar goshinsa ta miƙe. Kowa a hanya ya zama abokin gaba. Na gabansa malalaci ne, na bayansa mahaukaci.

Da yamma Saloma ta same shi yana wanke taya.

"Baban Gladys, ka ga goshin yarinyar nan?"

"Na gani, wallahi har raina. Laifin mai kabu-kabun nan ne."

"Shi ya taka maka birki?"

"Maman Gladys, ke ba ki tuƙi, ba za ki gane ba. Ni fa ba ni da fushi. Mutanen garin nan ne ba su iya hanya ba."

Ya faɗi haka da murya mai laushi, yana ɗauke wani tururuwa daga bakin bokiti don kada ya nutse.

Ta kai ƙara wurin Fasto. Fasto ya zo har gida, ya yi doguwar addu'a a kan haƙuri da tawali'u, ya ɗora hannu a kan bonet. Da zai tafi, ya ja motarsa da baya, wata mai tallan gyaɗa ta gifta, sai ga kan Fasto ta taga yana tambayarta ko a gidansu makafi ake haifa. Saloma ta tattara kofuna ta koma ciki.

Ta zauna ta yi lissafin abin da kanta, kamar yadda take lissafin hatsin da zai kai su kaka. A ƙasa, kowa na da suna da dangi. In ka taka mutum, ka taka ɗan wane, gobe kuma za ku haɗu a wurin biki. A cikin mota kuwa, gilashi ya raba ka da kowa. Babu Haladu, babu Rebecca, sai "mai jar motar can" da "wancan mai babur". Duk abin da Dawuda ya haɗiye a gonar golmo, da wanda hedimasta ke ɗura masa kullum, yana nan kwance a cikinsa, totur ne kawai wurin da ya samu na zubarwa. To, in rashin idon sani ne ciwon, maganin shi ne a sa masa idon da yake jin nauyi a cikin motar.

Sai ga mahaifinta, Baba Yari, ya zo daga ƙauyensu da ke hanyar Ribah don a duba masa gwiwa a asibiti. Da za su tafi, Saloma ta buɗe masa ƙofar gaba.

"A'a, ɗiyata, ni baya ta ishe ni."

"Gwiwarka, Baba. A gaba za ka miƙe ƙafa."

Abin da ta gani ranar ya fi addu'ar Fasto aiki. Dawuda ya durƙusa ya gaida surukinsa a ƙasa, ya shiga mota ya sake gaishe shi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai miƙa kwanon baiko. Wani mai kabu-kabu ya yanko gabansu ba ko duba, Saloma ta ga jijiyar goshin ta motsa, ta ga leɓe ya buɗe, sai idon Dawuda ya faɗa kan hular surukinsa.

"Allah ya kiyaye hanya, ɗan'uwa," in ji shi.

Tunkiya ta kwanta a tsakiyar titi, ya tsaya har ta gama tunaninta ta tashi. Gladys ta yi barci a mota, abin da ba ta taɓa yi ba.

Daga nan Saloma ta hana tsoho komawa ƙauye. Yau ta ce likita na son sake ganinsa, gobe ta ce man zafin bai gama shiga ba. Coci, kasuwa, gaisuwar rasuwa, ko'ina za a je da yara, Baba Yari na gaba. Da fari yakan ƙanƙame ƙofa da hannu biyu, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Bayan kwanaki ya saki ƙofa. Bayan wasu kwanakin ya koyi sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Ya fara tashi tun da sassafe ya shiga ya zauna a kujerarsa, ko babu inda za a je. Saloma ta ga haka ta ji daɗi, ta ce tsoho ya saba.

Damina ta yi nisa, ya ce lallai sai ya je ya ga dawarsa. Suka ɗauki hanyar Ribah ranar kasuwa, maza a gaba, Saloma a baya da Gladys da jaririnta Prosper a cinya. An yi ruwa da asuba, hanya duk ramuka cike da jan ruwa. Dawuda na lallaɓawa, yana kewaye kowane rami kamar mai tsoron tashinsa daga barci.

Sai wata a-kori-kura shaƙe da buhuna ta taho ta baya, ta danna hon, ta wuce su fuu. Ruwan taɓo ya shigo ta tagar Baba Yari, ya wanke masa farar riga har gemu.

Tsoho ya shafa gemu, ya dubi hannunsa.

"Dawuda."

"Na'am, Baba."

"Wanga wuce mu ya yi?"

"I, Baba. Ƙila sauri yake yi."

"Kuma ka bar shi?" Tsoho ya juyo gaba ɗaya. "Shekarun da ka yi a gonata, samari nawa ke jerawa da garma? Akwai wanda ya taɓa kai ƙarshen gona kafin kai? Don me kake tsammani na ba ka ɗiyata? Don kyan fuskarka?"

"A'a, Baba."

"To yau da ƙarfe a ƙarƙashinka za a wuce ka, ina zaune? Bi shi!"

Mutumin da ya yi golmo ba ya musu da surukinsa. Dawuda bai taɓa yi ba, kuma Saloma ta hangi fuskarsa a madubi, ta ga bai taɓa karɓar umarnin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ya sa giya. Fijo ta yi gurnani ta zabura.

"Baba! Baban Gladys! Da yara fa a motar nan!"

"Yi shiru, ɗiyata, maganar maza ce. Taka, Dawuda! Ta hagu, ta hagu!"

Motar na faɗawa rami tana fitowa, kan Gladys na bugun rufi. Baba Yari, dattijon da ake kira sulhu in an yi rikicin iyakar gona, ya fito da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa sanda. Ya zagi direban da Hausa, da ya ga Hausar ba ta isa ba ya koma yarensu na C'lela, ya bi kakannin mutumin ɗaya bayan ɗaya. Wata mata da itace a ka ta faɗa cikin ciyawa. Dawuda na dariya, yana cewa, "Ƙara masa, Baba!"

Saloma ta rungume yaranta. Ta roƙe su da Allah, ba su ji ba. Ta ce Gladys na kuka, suka ce ta yi haƙuri saura kaɗan. Ba ta da bakin tsawata wa mahaifinta, ba ta da bakin tsawata wa mijinta a gaban mahaifinta. Sai idonta ya sauka kan sabuwar rigar kujera mai gashi-gashi da Dawuda ya sa wa motar, wadda ba ya bari ko gyaɗa a ci a kanta.

"Baban Gladys, cikin Prosper ya ɓaci. Ga shi nan zai yi zawo a kan kujera, ban sa masa komai ba."

Birki ya yi ƙara. Motar ta tsaya cak.

Ta buɗe ƙofa, ta goya Prosper, ta ja hannun Gladys, ta tsallaka kwata ta zauna a gindin wata ɗorawa.

"Ya gama? Ku shigo mana," in ji Dawuda.

"Ba abin da ya yi. Mu kam mun iso."

"Dawuda, yana ɓacewa!" in ji tsoho, yana bubbuga ƙofa da sanda.

Dawuda ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya dubi hanya. "Yanzun nan za mu dawo," ya ce. Suka bar ta da hayaƙi.

Ba ta yi kuka ba. Ta duba kan Gladys ta ga babu jini, ta ba Prosper nono. Can sai ga wani manomi da amalanken shanu ɗauke da buhunan taki. Ya ce sunansa Haladu, ya yi mata sannu, ya gyara musu wuri a kan buhu. Mutum mai natsuwa, har ya ba Gladys ɗanyar gyaɗa. Suna cikin tafiya suka cimma wani tsoho a kan jaki, sai Haladu ya miƙe tsaye a kan amalanke.

"Kai mai jaki! Hanyar ta gadon gidanku ce? Kauce, ko in bi ta kanka!"

Saloma ta dube shi, ta dubi shanun da ke tafiya kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa, ta ƙara riƙe yaranta.

Bayan wata kwana suka tarar da Fijo. Ta bar hanya, ta tsallake kwata, ta dasa hanci a cikin fadamar shinkafar wani. Ƙofar baya, inda Gladys ke zaune ɗazu, ta lotse ciki a jikin kututture. Saloma ta daɗe tana kallon ƙofar nan.

Mazan kuwa ko ƙwarzane babu. A-kori-kurar na tsaye a gefe, direbanta ya sauko taimako, ashe Ɗan'azumi ne, maƙwabcinsu mai ba su aron tsani. Su uku suna tsaye cikin taɓo har gwiwa suna gaisawa.

"Baba, ashe kai ne? Ina gajiya? Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi, ɗana. Yaya mahaifiyarka? Mace mai kirki, ka gaishe ta."

"Malam Dawuda, sannu. Hanyar ce ba kyau."

"Wallahi hanyar ce, Ɗan'azumi. Sannu da ƙoƙari."

Shanun Haladu ne suka jawo motar. Dawuda ya durƙusa ya ba mai shinkafa haƙuri, har mutumin ya ji kunya ya ce ba komai. Da aka gama ya zo wurin Saloma yana murza hannu, ya ce injin lafiya lau, su shiga a ƙarasa.

Ta kama hannunsa ta kai shi gaban ƙofar da ta lotse, ta ɗora tafinsa a wurin.

"Motar taku ce, kai da Baba. Yaran nawa ne. Ba su ƙara shiga."

Ya gyaɗa kai. A ƙasa yake, kuma a ƙasa Dawuda mutum ne mai jin magana. A kan buhunan taki ita da yara suka ƙarasa ƙauye. Tun daga ranar, da ƙafa suke zuwa coci, suna isa da ƙura a takalmi da goshi lafiyayye. Baba Yari kuwa ya duba dawarsa a tsaitsaye, ya ce gwiwa ta tashi, lallai a mayar da shi Zuru. A hanya aka ji yana tambayar surukinsa ko hanyar Mahuta ta fi wannan faɗi.

Ke da kike karanta wannan, in maigidanki ya kawo mota, kada haƙurinsa na tsakar gida ya ruɗe ki, ba da shi yake shiga ba. Kada kuma ki ce za ki sa masa wani babba a gaba ya ji nauyinsa, kujerar gaba ba ta san furfura ba. Ranar da kika ji muryar injin ta canza, ta mutanen gaba ma ta canza, kada ki tsaya wa'azi. Nemi duk abin da zai sa a taka birki, ko ƙarya ce, ki sauke yaranki tukuna.