Sawu Casa'in da Takwas

Ranar da Tomoharu zai tafi, gari na fara haske na wanke hannu da baki a kwamin ruwa, na tuɓe takalmi a gindin dutsen sawu ɗari. Tsinken gora ɗari ne a hannuna, sau uku na ƙirga su. Motar da zai hau ta ƙarfe tara ce, kuma na auna na ga in ban yi sanyin jiki ba zan gama kafin lokacin.

Kowa a garinmu ya san yadda ake yi. Daga dutsen zuwa gaban ɗakin Uwar Tudu, abar bautar garinmu, taki arba'in ne a kan tsakuwa. Ka je ka kaɗa ƙararrawa, ka rusuna, ka tafa sau biyu, ka faɗi buƙatarka a zuci, ka ajiye tsinke ɗaya, ka dawo ka taɓa dutsen. Haka har sau ɗari. Sharaɗin ɗaya ne, ba a magana da kowa sai an gama. Wanda ya buɗe baki a tsakiya, akasin abin da ya roƙa zai gani.

Shekarata uku ina hidima a wurin bautar nan. Ni ce shara, ni ce sayar da layu da takardun sa'a, ni ce girkin gidan. Tomoharu jikan Kaka Tome ne, tsohuwar da ke riƙe da wurin tun rasuwar ɗanta, kuma shi zai gada idan ya yi shekara biyu a makarantar masu jagorantar bauta, can wani birni mai nisan kwana guda a mota. Tun da Kaka ta faɗa a bikin girbi cewa ba za ta mutu ba sai ta ga matarsa, 'yan matan gari suka tsiri ibada. Ririko 'yar mai giyar shinkafa kullum tana hawo matakala da ƙunshin abinci. Masumi malamar asibiti ta riƙa zuwa auna jinin Kaka sau uku a mako, tsohuwar da ko mura ba ta yi. Shi kuwa gogan sai godiya yake wa kowa da murmushi iri ɗaya, kamar an haife shi ba ido. Ni da nake ƙarƙashin rufi ɗaya da shi ban taɓa cewa uffan ba, kunya da girman kai suka haɗu suka ɗaure mini harshe. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ranar na ɗauko wuƙa. Buƙatata guda ce, kada ya tafi. Na san son kai ne, kuma ban fasa ba.

Ana jajibirin tafiyar Kaka ta same ni a bayan madafa ina fere tsinke. Ba ta tambaye ni dalili ba.

"'Yar nan, kin san farin dilan Uwar Tudu ba ya barin mai sawu ɗari ya wuce salin alin," in ji ta. "Zai zo miki da fuskar wanda kika sani, da muryarsa, har da warin jikinsa. Amma ba shi da kayan kansa. Abin da ya tarar a ranki, shi zai juye miki. Kuma ko gyaɗa kai kika yi, kin amsa."

"Kaka, ke kin taɓa gamawa?"

"Ni? Na ga miji na so, na je na ja hannun rigarsa. Ku ne masu son wahala."

Sawu ashirin na farko sanyi ne kawai ya dame ni. Ƙarshen hunturu ne, tsakuwar tana cizo kamar an barbaɗa ƙaya, tun ina ɗingishi har ƙafafun suka mutu na daina jin su. Ina cikin na talatin da ɗaya na ji ƙamshin turaren da na tsana. Ririko ce zaune a kan shingen dutse, tana kaɗa ƙafa.

"Sannu da aiki, uwar shara," ta ce. "Yau kuma da ƙafa ake sharar? Ke Kozue, ki tausaya wa kanki. Kina ganin magajin wurin nan zai bar 'yar gidan da ke ba su giyar biki kyauta, ya ɗauki wadda ake aika sayen albasa? Ko sunan gidanku na tabbata bai riƙe ba."

Amsa ta taso mini har maƙogwaro, don ni ba a faɗa mini in yi shiru. Sai idona ya sauka kan ƙafafun da take kaɗawa. Ririko ta ainihi kwananta goma a kwance da karaya, garin rawar jikin kawo masa abinci ta gangara daga matakala. Wannan kuwa ƙafafunta biyu garau. Tsigar jikina ta tashi. Na cije leɓe na wuce, ina jin dariyarta a bayana, da na dawo babu kowa a kan shingen. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kowace kalma da ta faɗa, ni na riga na faɗa wa kaina ita a gaban madubi.

Rana ta fito, tsinke ya ragu, tafin ƙafata ta hagu ya fara barin jan tabo a kan tsakuwa. A na sittin sai ga Masumi ta shigo ta jar ƙofar wurin bautar da jakar aikinta. Wannan karon ban gane ba ko ita ce ko ba ita ba, don ranar tana cikin ranakun zuwanta. Ta jero da ni cikin wannan sanyin murya tata ta masu ba da allura.

"Ƙanwata, kin ji wa kanki ciwo, ki zo in wanke miki in kin gama. Af, ban gaya miki ba ko? Na nemi canjin aiki zuwa birnin da zai je. Mutum shi kaɗai a baƙon wuri, ai yana buƙatar mai duba shi. Ke kuma kya ci gaba da kula mana da Kaka."

Kalmar nan "mana" ta soke ni. Na isa gaban ɗakin na kama igiyar ƙararrawa. A nan na yi abin da ban shirya ba. Na tafa, na ce a zuci, Uwar Tudu, tafiya ko zama duk ba su ne damuwata ba, kada dai in rasa shi. Daga sawun nan har zuwa ƙarshe, ita na yi ta maimaitawa. Ko da na juyo, Masumi ba ta nan.

Na tsallake tamanin, na tsallake casa'in. Agogon makarantar ƙasan tudu ya buga takwas da rabi. Saura tsinke bakwai na ji takun da ko cikin barci zan gane, mai jan ƙafar dama kaɗan. Tomoharu ne da baƙar rigar tafiya da jaka a kafaɗa, gashinsa a tsaye ta baya kamar kullum.

Gabana ya faɗi. Na ce wa kaina, ga babbar jarrabawar ta zo, dila ya ajiye mai nauyin sai ƙarshe.

"Kozue, tun ɗazu nake neman ki," ya ce. Sai ya ga tsinken, ya ga ƙafafuna, ya ja baya. "Au. Yi haƙuri. Na san doka, kada ki amsa. Ko don mahaifinki kike yi, ciwon bayansa ya tashi? Kada ki amsa, na ce. Ki dai bari in bi ki, lokaci ya ƙure mini."

Ya bi ni a gefe, takalminsa na ƙara a kan tsakuwa. Na kaɗa ƙararrawa, na ajiye tsinke, saura shida.

"Akwai maganar da na daɗe ina son yi," ya ce. "Da zan samu ki jira ni shekara biyun nan, da na tafi da kwanciyar rai."

Hawaye ya cika mini ido, amma tsoro ne ya kawo shi. Maganar nan ni na ƙera ta da kaina, na sa ta a bakinsa sau dubu ina wanke kwanoni. Ta ina za ta fito in ba daga raina ba? Na ƙi ko kallonsa. Amma wata zuciyar tana cewa, in kuma shi ne fa? In ya hau mota yana zaton ko ɗaga ido ba ki yi ba? Saura biyar. Saura huɗu. Ban taɓa jin taki arba'in ya yi nisa haka ba.

Shirun da na yi ya rikita shi, ya shiga zuba kamar kanya. Ya ce ya bar mini makullin rumbun kayan biki a ƙarƙashin tukunyar fure. Ya ce in riƙa hana Kaka hawa tsani. Ya ce abincin Ririko duk karen mai gadi yake ba, shi ya sa karen ya yi ƙiba. Na ajiye tsinke, saura uku. Na sake zuwa na ajiye, saura biyu, na juyo zan koma wajen dutsen. Daga ƙasan tudu motar ta yi hon na farko.

"Ban iya magana ba, kin sani," ya ce yana haki. "Bari in faɗa yadda abin yake. Shekara uku kullum safe ina shan miyar waken soyar nan taki. Kozue, gishirinta ya yi yawa. Tun ranar farko. Kaka ma a ɓoye take ƙara ruwan zafi in kin juya baya. Amma da na tuna zan yi shekara biyu ban sha ta ba, sai na ji..."

"Miyar wa ce ta yi gishiri?"

Na ji muryata ta daki bangon ɗakin ta dawo. Miyata, wadda na koya a hannun mahaifiyata, wadda nake tinƙaho da ita a raina cewa ko ba komai na fi su Ririko a nan. Ko a mafarki ban taɓa zargin ta ba. Abu biyu suka faɗo mini lokaci guda. Wannan magana ba daga raina ta fito ba, don haka shi ne da gaske, kuma da gaske ya ce in jira shi. Na biyun kuma, na buɗe baki.

Iska ta tsaya. Can cikin itatuwan bayan ɗakin wani abu ya yi haushi sau ɗaya, siriri, kamar mai ƙunshe dariya.

Fuskar Tomoharu ta yi fari. "Saura nawa?"

Na buɗe tafina. Tsinke biyu, sun jiƙe da gumi.

"Ni na ja miki. Bakin nan nawa bai taɓa yi mini rana ba. Me kika roƙa?"

"Kada ka tafi," na ce. Rabin gaskiya na ba shi, ɗaya rabin ya ƙi fitowa.

Ya yi ajiyar zuciya har da 'yar dariya. "To in wannan ne da sauƙi. Akasinsa ai tafiya ce, ga mota tana jira. Mun biya bashin tun yau."

Na so in ce masa ba shi ke nan ba, tun daga na sittin na canza, abin da na karya ya fi wannan girma. Motar ta sake yin hon. Ya dubi tsinken, ya zare ɗaya ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya naɗe yatsuna a kan ɗayan.

"Ki riƙe naki. In na dawo mu yi sawu biyun tare, ke ɗaya ni ɗaya. Za ki jira?"

"Ka tafi kafin in fasa maka kai da tukunyar miyar," na ce, ina kuka wiwi. "Zan jira."

Ya gangara matakala da gudu, jakar na dukan bayansa. Da na waiwaya, Kaka Tome tana tsaye a bakin baranda da kofin shayi, ban san tun yaushe ba. Na je na durƙusa a gabanta da ƙafafuna masu jini, na gaya mata duka, har da abin da na ɓoye masa.

"Kaka, na rasa shi ke nan?"

Ta ajiye kofin shayin. "Na ga waɗanda suka gama, na ga waɗanda suka karya," ta ce. "Na ukun nan, a raba ragowar tsinke tsakanin mutum biyu, shekarata tamanin ban taɓa gani ba. Ban san hukuncinsa ba, 'yar nan. Ƙila Uwar Tudu ma sai ta yi shawara. Tashi ki wanke ƙafa."

Yau wata bakwai ke nan. Wasiƙarsa tana zuwa duk ranar Laraba, kuma duk ranar Talata ba na iya cin abinci. Sau ɗaya ta yi lattin kwana biyu saboda ruwa ya yanke hanya, na kusa haukacewa. Masumi tana nan a asibitinmu, ta ce ita ranar ba ta ma hawo tudu ba, amma duk na je sai na leƙa ko ta fara haɗa kaya. Kaka kan ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ni kuma in ce ai ba kwaɗon ne ya karya doka ba. Tsoro nake ji, kullum, ba zan ɓoye ba.

Tsinken yana kan kantar madafa, a tsaye cikin kwalbar gishiri, inda zan gan shi kowace safiya. Kaka ta daina ɓoyewa, yanzu a gabana take ƙara ruwan zafi. Gishirin kuwa ko ƙwaya ban rage ba. Ya bar maganarsa a tsakiya, sai ya dawo ya zauna ya sha, ya ƙarasa mini abin da ya ji.