Zoɓo a Rigar Baffa Jalo

"Ƙara min a nan gefen wuya," in ji Baffa Jalo, yana kwance a gindin tsamiya ya yi matashi da hularsa. "Wanda mota ta kife da shi ai ba ya fitowa fes kamar ango."

Na tsiyaya masa zoɓon daga gora, ya gangara kan farar rigarsa har aljihu. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce yanzu kam ya yi kama da abin tausayi.

"Baffa, Ya Gana za ta ci mutuncina a kan rigar nan."

"Rabu da Babarbariya. Da ma neman dalili take ta yi min faɗa, gara na kai mata da hannuna."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Azare. Tun da aka kawo ni unguwar nake jin wannan tsokanar ta Bafulatani da matarsa, daga safe har yamma, ba su taɓa gajiya ba. Shi tsohon direban haya ne, ƙuruciyarsa duk a hanyar Azare zuwa Katagum ta ƙare, kuma ranar nan a bakin wannan hanyar muke.

Abin da ya kai mu gwaji ne. An daɗe ana zaman kwamiti a kan yadda za a haɗa 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motocin asibiti, jami'an hanya da 'yan sintiri na jihar baki ɗaya a kan layin oba-oba guda, wato rediyon hannu na jami'an tsaro, domin a da kowa nasa daban, wannan ba ya jin wancan. Kafin a amince da tsarin sai aka ce a gwada a gani. Aka zaɓi wani lungu da wayar hannu ba ta samun sabis, aka kifar da wata tsohuwar mota da ko inji babu, aka nemi masu kwantawa a matsayin waɗanda suka yi haɗari. Baffa ne ya fara ɗaga hannu. Ni ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ce, aikina ranar ɗaura bandeji da zuba zoɓo. Maigidana Naziru kuwa ɗan sintiri ne, shi aka damƙa wa oba-oba, shi zai yi kiran farko. Kwana ya yi yana goge takalmi.

Tsarin ba shi da wuya. Motocin agaji duk suna Azare suna jira. Shugaban kwamiti, Alhaji Bahauddeen, zai buɗe layin da jawabi daga rumfar taro, in ya gama ya kira Naziru, Naziru ya sanar da haɗari, motoci su taso. Muddin wani na magana a layin, sauran sai saurare. Hanya ɗaya ce ta katse mai magana, wani jan maɓalli a saman kowace oba-oba.

Wannan maɓallin ya sha gardama. Naziru ya sha dawowa gida yana ba ni labari, wai masu haɗa na'urar sun ce dole ne, wasu dattawan kwamiti sun ce ina aka taɓa ganin yaro ya katse babba a bainar jama'a. Baffa Jalo, wanda ba wanda ya gayyace shi amma bai taɓa fashin zama ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Don Allah ku bar musu jan abin nan. Ni na ɗebi mutane a titin nan da hannuna, na ga wanda ya cika a kujerar baya muna neman wanda za mu gaya wa. Wanda jini ke zuba a jikinsa ba ya jiran a gama gaisuwa." Aka yi dariya, aka ce a ba Baffa kujera, aka bar maɓallin.

Da hantsi motar da ta kawo mu ta koma Azare don ta shiga jerin gwano. Mutanen ƙauyen kusa suka taru suna kallo. Oba-oba ta yi ƙara a hannun Naziru, muryar Alhaji ta fito tar kamar yana tsaye a gabanmu. Ya fara da gaishe da manyan baƙi, kowa da sunansa da muƙaminsa, ya gaishe da na Misau, ya gaishe da na Disina, ya tambayi na Katagum ya ruwa ya kifi.

A lokacin ne Baffa ya fara nishi yana dafe ƙirji. Masu kallo suka fashe da dariya, wani ya ce tsohon nan ya iya. Ni ma na murmusa. Sai da na durƙusa zan gyara masa bandeji na taɓa hannunsa, na ji shi sanyi ƙalau, ga gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Khaulat," ya ce a hankali, "wannan fa ba na wasan ba ne."

Na ɓalle masa wuyan riga, na jingina shi da cinyata, na juya wajen maigidana.

"Baban Mariyamu, kira mota. Zuciyarsa ce. Kira yanzu."

Naziru ya dubi Baffa, ya dubi abin da ke hannunsa. Na ga babban yatsansa ya hau kan jan maɓallin ya tsaya. Alhajin nan shi ya sama masa aikin sintiri, shi ya tsaya masa wakili ranar ɗaurin aurenmu, Naziru ko zama ba ya yi a gabansa sai a ƙasa.

"Bari ya ƙarasa," ya ce. "Yanzu zai ƙare."

"Danna!"

"Duk jiha fa tana ji, Khaulat. Ga shi ya zo ƙarshe."

Bai zo ƙarshe ba. Ya gode wa waɗanda suka kafa turakun sadarwa, ya gode wa waɗanda suka ba da filin kafawa. Numfashin Baffa ya koma sama-sama. Na kwantar da shi na fara danna masa ƙirji, zoɓon da na zuba yana manne min a tafin hannu.

"Naziru!" Ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba sai ranar.

Ya ɗaga oba-oba zuwa bakinsa. Daidai nan Alhaji ya ce a ɗaga hannu a yi addu'a Allah ya sa wannan layi ya zama sanadin ceton rayuka. Mutanen da ke kewaye da mu suka ɗaga hannu. Naziru ya sauke abin daga bakinsa, ya dube ni kamar yaron da aka kama, ya ce, "Addu'a yake yi."

Tsakanina da oba-obar bai wuce miƙa hannu ba, amma ni ma ban fizge ta na danna ba. Na ci gaba da danna ƙirjin Baffa, kuma da Alhaji ya kai ƙarshen wata gaɓa na ji bakina ya ce amin tare da na kowa.

Da aka shafa, Alhaji ya ce, "To Naziru, bismillah." Naziru ya yi ihu a ciki, ya ce gaske ne, ba gwaji ba ne, mutum na mutuwa, a turo motar asibiti. Aka amsa masa an ji. Na sunkuya na laƙanta wa Baffa kalmar shahada, leɓensa ya motsa, ban san ko ya kai ƙarshenta ba.

Motocin sun zo da jiniya, a jere kamar yadda aka tsara. Yaran ƙauye suka bi su da gudu suna tafi. Sauran masu kwanciya suka miƙe da bandejinsu, suka tsaya cirko-cirko. Likitan da ya sauko ya duba Baffa, ya ja hular da ke ƙarƙashin kansa ya rufe masa fuska. Daga baya ya ce min irin wannan bugun zuciyar ko a ƙofar asibiti ya sami mutum ba lalle ya tashi ba. Na gode masa. Maganar ba ta sauke min komai ba.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Jama'ar da ta taru unguwarmu ba ta taɓa ganin irinta ba, har da masu kaki kala-kala, har da Alhaji Bahauddeen, wanda ya yi kuka na gaske, don shi bai san komai ba.

Washegari muka shiga yi wa Ya Gana gaisuwa. Ni na zauna a gefen tabarmarta, Naziru ya tsuguna a waje bayan labule.

"Naziru ne?" ta ce. "Matso, ɗana. An gaya min kai ka kira. An ce muryarka har Bauchi an ji ta, kana cewa a zo a ceci Baffanka."

Naziru ya ɗan matso jikin labulen.

"Bafulatanin nan," ta ce, tana share ido da gefen mayafi, "kullum sai ya cika min kunne da layin nan nasu. Na ce masa kai da ko rediyon gida ba ka iya kamawa. Ashe shi za a fara yi wa. An ce motoci har da jiniya, kamar wani gwamna. Da yana gani da ba mu huta da labari ba." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye. "Allah ya yi maka albarka, Naziru. Yadda ka tsaya masa, Allah ya ba ka masu tsaya maka."

Matan da ke ɗakin suka ce amin. Na ji na Naziru daga bayan labule, da ƙyar ya fito. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, na kafe shi a kan saƙar tabarma. Ta kama hannuna ta matse, har yanzu akwai ja-ja a gefen farcena, na bar mata hannun.

Kwanaki bayan haka Naziru ya dawo daga zaman kwamiti da azahar, ya zauna a tsakar gida bai ko cire takalmi ba. Na ajiye masa abinci bai buɗe ba.

"Sun ce gwaji ya yi kyau," ya ce. "Za a fara aiki da layin a duk jiha."

"To."

"Sun kuma ce tunda ga shi har abin gaske ya faru ba wanda ya buƙaci jan maɓallin, a zama na gaba za a duba ko a cire shi daga na ƙananan ma'aikata."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. "Sai ka tashi ka gaya musu abin da ya faru."

"A gaban Alhaji?"

Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da ke cikina, don na tara da yawa. Sai na tuna tabarmar Ya Gana da yadda na zauna a kanta shiru, na mayar da bakina na rufe.

"Khaulat!" Muryar Ya Gana ce daga bayan katanga. "Wai me kike sa wa zoɓon nan naki? Na wanke, na sake wankewa, ya ƙi fita."

"Ki ba ni na gwada, Iya."

"A'a, bar shi. Shi ya ce a ƙara masa, an gaya min."

Ta yarfa rigar a kan katanga ta baza ta. Rabinta ya sauko ta ɓangarenmu, wajen wuya da aljihu, jan ya koɗe ya koma ruwan hoda. Naziru na zaune da oba-oba a cinyarsa, ni ina tsaye, muna kallon ruwa na ɗiga daga bakin rigar yana jiƙa ƙasar gidanmu.