Ragon Inna Itto

A garinmu na kan dutse, idan dattawa suka sa wa wani yankin daji agdal, an rufe shi ke nan: ba kiwo, ba sara, sai ranar da suka buɗe. Wanda ya keta, rago zai yanka ya ciyar da gari. Bana ni aka ɗora wa gadi, kuma ba don ciyawa aka rufe kurmin ba, don ƙwaro ne.

Wani ɗan asun daji ne, toka-toka, bai fi farce ba. Tsutsarsa ba ta cin komai sai gansakukar jikin tsofaffin itatuwa, wadda matanmu ke kankarowa don ƙamshin miya. Ƙanwata Tuda, da ta yi karatun ƙwari a birnin Maknas, ita ta tsaya gaban dattawa ta ce in ana kankara lokacin da yake ƙwai, an gama da shi a dutsen nan. Suka yi dariya suka amince, a zatonsu ba mai bin maganar.

Wa zan fara kamawa? Mahaifiyarmu Itto, da wuƙa da kwando.

"Inna, an fa rufe," na ce.

"Kai Bassu, ni na goye ka. A kan asu za ka tare mini hanya? Kauce, mara kunya!"

Kunya kuwa ta kama ni har ƙafa. Amma in na kau da kai, gobe duk matan gari suna nan, ƙwaron Tuda ya tafi. Da bakina na kai sunanta gaban dattawa.

Ran Juma'a ta sa aka yanka ragonta, ta dafa kuskus, ko kallona ba ta yi ba. Da aka ƙoshi, tsoho Hammu ya suɗe yatsa ya ce, "Itto, miyar yau kamar da saura."

"Da saura mana, na bar wa ƙwaro ƙamshin!" Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ku ji da kyau. Ragona ya tafi a kan asun nan, to yanzu asun nawa ne. Duk wadda na gani da wuƙa a kurmi, har matarka, Hammu, sai na ci nata ragon."

Har yau da gyaɗa kai kawai take amsa gaisuwata, kuma abin yana mini ciwo. Amma kullum da hantsi tana bakin kurmi da sandarta, ba kuma macen da ta isa ta gifta.