Kunnen Hagu

Sati biyu kacal na yi hutu, na dawo na tarar an mayar da tsohon da ke gado na bakwai mahaukaci, a rubuce kuma.

Ni kaɗai ce nas ta dindindin da ta rage a ɗakin maza. Sauran duk sun koma kamfanin da ke ba asibitoci hayar ma'aikata, kwana uku nan, kwana biyu can. Shugaban asibiti yana kiran wannan ci gaba. Ci gaban mai haƙan rijiya dai.

Na buɗe fayil ɗin tsohon. Nas ta farko ta rubuta cewa ba ya amsa tambaya. Na biyu ya kwafa, ya ƙara gishiri, wai ya rikice. Ta uku, sarkin himma, ta ɗaure masa hannu da bandeji kada ya cire ƙarin ruwa. Likitan haya, wanda ko banɗakinmu bai san inda yake ba, ya sa hannu a kai shi sashen masu taɓin hankali ranar Litinin. Wanda zai tafi jibi, ina ya ga lokacin sanin mutum? Duk da haka raina ya ɓaci.

Kunnen Baba na hagu ya mutu tun yana aikin injin niƙa. Ƙofa kuma ta hagunsa take, duk wanda ya shigo nan yake tsayawa.

Na zagaya ta dama, na kwance bandejin, na gaishe shi. Ya amsa tsaf, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, har mai ciwon haƙori. Ya ce kullum sabuwar fuska ke zuwa ta yi ta motsa baki kamar kifi. Na kira likita na tsayar da shi ta dama. Cikin minti biyu Baba ya warke daga hauka, aka soke takardar. Likita ya ce ai daman ya san maganin zai karɓe shi.

Baba ya riƙe hannuna. "'Yata, kin dawo ke nan ko? Ba za ki sake barina da su ba?"

Takardar ajiye aiki tana aljihuna. Kamfanin nan ya ɗauke ni, Litinin zan fara. Shekara uku ina aikin mutum huɗu, na gaji, kuma kunya ta hana ni kallonsa. Na gyara masa filo, na zagaya ta hagu, na sunkuya.

"Baba, ni ma tafiya zan yi."

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi mini albarka.