Ɗankwali a Kan Wayar Injin Citta

Tun safe Lai'atu ta kasa zama. Ita ce bakanikiyar wani kamfanin citta da ke bayan layin dogo a Kafanchan, kuma yau injin bokitai, wanda ke ɗaga busasshiyar citta zuwa rumbun sama, yana wani ƙyas-ƙyas da bai kwanta mata ba. Ta zaga shi sau uku. Ta sayi kunu, ta manta shi a kan buhu.

Abin da ke cin ranta shi ne matan da ke zaune daidai ƙarƙashin bokitan suna tsince citta, su takwas, har da Angelina, matar Nelson mai kula da aiki. In wayar ƙarfen da ke jan bokitan ta tsinke, a kansu komai zai rikito.

"Oga Nelson, a kashe injin nan in duba waya," in ji ta.

Ko kallonta bai yi ba. "Sista, motan Kwoi biyu yana jira. Jiya na shafe wayan nan da giris da hannuna. Duba yadda yake sheƙi."

To ai nan gizo ke saƙar, bawan Allah. Ya lafta giris kamar mai shafa wa jariri man kaɗanya, garin citta ya bi ya manne, ya zama laka mai cin ƙarfe, ya kuma rufe duk wani lahani.

"Minti biyar kawai."

Da ƙyar ya kashe, yana tsaki yana duba agogo.

Ta hau tsani. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin reluwe, ya koya mata cewa ba a duba waya da ido, da tsumma ake bin ta. Tsummokaran wurin kuwa duk sun sha giris. Sai ta cire ɗankwalinta, sabo fil, ta naɗe wayar da shi, ta ja a hankali. Dab da inda wayar ke zagaya wilin sama, ɗankwalin ya maƙale.

Ta fizge shi, ta sauko, ta miƙa wa Nelson. Ɗankwalin ya yage wuri huɗu, ga guntayen silin ƙarfe cirko-cirko a jikinsa kamar ƙaya, alamar wayar ta fara tsinkewa.

Nelson ya ɗaga kai ya dubi inda ta taɓa, ya biyo wayar da ido har ƙasa, inda Angelina ke zaune da 'yarsu Hulda goye a baya.

Ya zare makullin injin ya sa a aljihu.

"Maman Hulda," in ji shi, "ku tashi daga wurin nan."